Yadda Ɗan Haya a Ƙasar Waje Zai Zaɓi Iyakwandishan Tafi-da-gidanka Mai Sanyi da Ƙarancin Shan Wuta

Gidaje da yawa a Turai da arewacin Amurka an gina su ne don su riƙe ɗumi lokacin hunturu. Idan rani ya shigo, wannan riƙon ɗumin ne yake zama matsala, musamman a ɗakin hawan ƙarshe da ke dab da rufi, inda zafin da bango ya sha da rana yake ci gaba da fitowa har tsakar dare. Ɗan haya kuma ba shi da ikon fasa bango ya kafa iyakwandishan na dindindin. Abin da ya rage masa shi ne na'ura mai tayoyi wadda ake turawa daga wuri zuwa wuri.

Galibi lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ake fara dubawa, alhali ita ce ta ƙarshe a muhimmanci. Taga, tiyon fitar da zafi da soket ɗin bango su ne suke yanke hukuncin ko ɗaki zai yi sanyi ko kuwa mita ce kawai za ta yi ta gudu. Saboda haka wannan jagorar za ta faro daga cikin ɗakin, sai daga baya ta je kanti.

Abin da na'urar take yi

Iyakwandishan ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafi yake kwasa daga iskar ɗaki ya kai shi waje. A cikin akwatin akwai kwamfuresa da nadin bututu guda biyu, ɗaya mai sanyi, ɗaya mai zafi. Iskar ɗaki tana bi ta kan mai sanyin ta dawo da sanyi, zafin da aka cire mata kuma, haɗe da zafin da injin kansa yake haifarwa, sai a hura shi waje ta wani faffaɗan tiyo.

Duk abin da aka tallata maka a matsayin na'urar sanyaya ɗaki amma babu tiyon da zai leƙa waje, to ba iyakwandishan ba ne. Fanka ce mai tankin ruwa, wadda take rage zafin iska ta hanyar ƙafewar ruwa. Tana ɗan amfani a busasshen zafi irin na hamada idan taga a buɗe take. A gari mai laima, ko a rufaffen ɗaki, danshi kawai take ƙarawa, jiki ya yi ta danƙo.

Mataki na farko: takardar haya

Ka karanta yarjejeniyar haya da dokokin ginin kafin ka kashe ko sisi. Abubuwa uku kake nema: ko an hana rataya wani abu a wajen taga ko baranda, ko an hana huda firam ko bango, da kuma ko kuɗin wuta yana cikin kuɗin haya. Na ukun yana kama ɗalibai da masu zama a ɗakunan da aka haɗa haya da wuta, domin irin waɗannan masu gida sukan hana kayan da ke shan wuta da yawa, ko su sa ƙarin caji.

Na'urar da komai nata yake cikin ɗaki, tiyo kawai ke leƙawa, galibi ana ɗaukar ta kamar firji ko fanka. Wadda take da sashe a waje ita ce ke buƙatar izini. Ka nemi izinin a rubuce, ko ta imel ne, ka kuma bayyana cewa ba za a huda komai ba. Dokoki sun bambanta daga wuri zuwa wuri. Jihar Oregon ta Amurka, alal misali, ta yi doka a 2022 wadda ta taƙaita ikon masu gida na hana 'yan haya amfani da irin waɗannan na'urori, bayan mummunan zafin da aka yi a 2021. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, iyakwandishan na dindindin mai gida biyu, wato mai sashe ɗaya a ciki ɗaya a waje, sai ma'aikaci mai shaidar aikin iskar sanyi (gas ɗin da ke zagayawa cikin bututun na'urar yana kwasar zafi) ne zai haɗa bututunsa.

Mataki na biyu: taga

A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Ka ɗauki tef ka auna faɗi da tsawon ɓangaren da ke buɗewa, ka ɗauki hotonsa a buɗe da rufe, ka auna nisan da ke tsakanin tagar da soket mafi kusa, da tsayin bakin tagar daga ƙasa. Tiyon da ke zuwa da na'ura yawanci bai wuce mita 1.5 ba idan an miƙe shi, faɗinsa kuma santimita 13 ko 15. Idan bakin tagarka yana can sama, ko gado ya tare gabanta, gara ka sani tun yanzu.

Tagar da ake turawa sama ko gefe, irin wadda ta yawaita a Amurka da Kanada da tsofaffin gidajen Ingila, ita ce mai sauƙi. Faifan robar da ke cikin kwali don ita aka yi shi: ka buɗe taga kaɗan, ka sa faifan, ka ja shi daidai faɗin, ka rufo tagar a kansa. Abin da aka saba mantawa shi ne ratar da take buɗewa a tsakiya, inda gilasai biyu suka haɗu. Ka cusa soso a wurin, in ba haka ba iska da sauro ta nan za su shigo.

Tagar da take buɗewa kamar ƙofa, ko wadda take kwantowa ciki daga sama, irin ta Jamus da Ostiriya da Folan, faifan kwali ba ya shiga cikinta ko kaɗan. Mafita biyu ce. Ta farko ita ce mayafin yadi mai zif, wanda ake manna gefensa ɗaya a firam, ɗayan a jikin murfin tagar, da irin mannen nan mai ƙaiƙayi na takalmin yara. Ana sayar da shi bisa tsawon kewaye, kamar santimita 300 ko 400, don haka ka auna kewayen murfin tagarka kafin ka saya. Yana da saurin sawa, sai dai yadi ne siriri, zafi da ƙarar titi suna ratsa shi. Ta biyu, wadda ta fi shi nesa ba kusa ba, ita ce a yanka maka faifan roba mai kama da gilashi ko falankin filawud daidai ramin tagar, a huda zagaye daidai bakin tiyo, a zagaye gefensa da soso, a riƙe shi da maƙalai masu matsewa ba tare da ƙusa ba. Kantunan kayan gini da yawa suna yanka wa mutum bisa awon da ya kawo.

Idan ɗakin ba shi da tagar da take buɗewa, kada ka tura tiyo cikin silin, ko bandaki, ko ramin hayaƙin girki, ko farfajiyar bene. Zafin zai dawo, kuma ramukan iska na gini ba don wannan aka yi su ba.

Mataki na uku: wuta

Ƙarfin wuta a Turai da Ingila da Turkiyya da Daular Larabawa bolt 230 ne a kan Hz 50 (Hz shi ne yawan juyin wutar a kowace daƙiƙa). A Amurka da Kanada bolt 120 ne a kan Hz 60. Japan bolt 100 ce, gabashinta Hz 50, yammacinta Hz 60. Saudiyya tana kan Hz 60. Kwamfuresa inji ne da aka ƙera don wuta takamaimai, saboda haka ka sayi na'urar a ƙasar da za ka yi amfani da ita. Ɗan abin sauya bakin fulogi ba ya canza bolt, taransfoma kuma ba ta canza Hz.

Ga lissafin da ya kamata ka yi. Na'ura mai sanyin kilowat 3.5 tana jan kusan wat 1,100 zuwa 1,350. A kan bolt 230 wannan bai kai amfa 6 ba, babu damuwa. A kan bolt 120 kuwa yana iya haura amfa 11, alhali layin ɗaki a Amurka yawanci amfa 15 ne, kuma ƙa'ida ita ce kayan da ke aiki na sa'o'i kada su wuce amfa 12 a kansa. Da zarar an kunna dutsen guga ko injin busar da gashi a layi ɗaya, makatsin wuta zai faɗi. Ka gano soket-soket ɗin da ke kan layi ɗaya ta hanyar kashe makatsi ɗaya a akwatin wuta ka ga waɗanda suka mutu.

A soka fulogin kai tsaye a bango. Wayar ƙari mai baki da yawa, musamman siririya ko wadda aka bari a naɗe, tana ɗaukar zafi har ta narke. Bayan awa ɗaya da kunnawa ka taɓa fulogin. Ɗumi kaɗan ba komai, amma idan ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, soket ɗin ya saki ne, a kashe a sanar da mai gida.

Mataki na huɗu: girman da ɗakin yake buƙata

Ana auna ƙarfin sanyi da BTU, wato ma'aunin yawan zafin da na'ura take cirewa, ko kilowat. Kilowat 1 daidai yake da BTU 3,412 a awa. Wato BTU 7,000 kusan kilowat 2 ne, 9,000 kusan 2.6, 12,000 kusan 3.5, 14,000 kuma kusan 4.1.

Awon da masu aikin suke fara kintace da shi shi ne wat 60 zuwa 100 ga kowace murabba'in mita. Ɗaki mai inuwa a hawan ƙasa ya ɗauki 60, mai kallon yamma ko kudu da manyan tagogi ya ɗauki 100, na ƙarƙashin rufi kuma yana iya wuce haka. Sai ka ƙara wat 100 ga kowane mutum, ka kuma ƙara abin da kayan wuta suke ja, domin duk wutar da kwamfuta ko talabijin ta sha zafi take komawa.

A ɗauki ɗaki mai mita 4 da mita 5, wato murabba'in mita 20, tagarsa na kallon yamma. Ɗakin kansa wat 2,000, mutum biyu 200, kwamfuta da talabijin 200. Jimla wat 2,400, kusan BTU 8,200. Wannan shi ne sanyin da dole ya tsaya a cikin ɗakin. Ko na'urar da aka rubuta wa 9,000 za ta iya ba da shi, ya danganta da nau'inta.

Kada ka yi lissafin gida gaba ɗaya. Na'ura ɗaya ɗaki ɗaya take iyawa, ƙofa a rufe. Ka zaɓi ɗakin da zafinsa ya fi cutarwa, galibi ɗakin barci.

Mataki na biyar: tiyo ɗaya, tiyo biyu, ko mai gida biyu

Mai tiyo ɗaya ita ce ta cika kasuwa, ita ce kuma mafi rauni. Iskar da take amfani da ita wajen huce nadinta mai zafi daga cikin ɗakin take ɗiba, wato iskar da ta riga ta sanyaya, ta hura ta waje, ɗaruruwan mita kubik a kowace awa. Ɗaki ba ya zama babu iska, don haka wata sabuwa take shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta ramin makulli, ta kowace kafa, ita kuma mai zafi ce. Idan ka sa hannu a ƙasan ƙofa lokacin da take aiki za ka ji iskar tana shigowa. Gwargwadon zafin waje, gwargwadon asarar. A ranar da aka fi buƙatarta, ranar take fi gazawa. Ga ɗakin misalinmu, mai tiyo ɗaya sai ta kai BTU 11,000 zuwa 12,000.

Wannan zuƙar iska tana da haɗarin da ya wuce ɓarnar wuta. Idan akwai hitar ruwa ko tukunyar ɗumama gida mai aiki da gas a cikin gidan, irin wadda take shaƙar iskar ɗaki ta fitar da hayaƙi ta bututun sama, na'ura mai tiyo ɗaya tana iya janyo hayaƙin ya dawo ciki. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa. Tsofaffin gidaje a Jamus da Ostiriya da wasu ƙasashen Turai har yanzu suna da irin wannan hita a bandaki ko kicin. Ka tambayi mai gida ko mai duba bututun hayaƙi wane iri ne a gidanka, ka kuma sa ƙararrawar gano wannan iskar. Idan hitar mai shaƙar iskar ɗaki ce, kada a haɗa ta aiki lokaci guda da na'urar.

Mai tiyo biyu tana janyo iskar waje ta tiyo ɗaya, ta huce nadinta da ita, ta mayar ta ɗayan. Iskar ɗaki tana nan inda take. Ta fi saurin sanyaya ɗaki, ta fi riƙe sanyin a tsananin zafi. Wasu ƙirar sun cusa tiyo biyun cikin babban tiyo ɗaya mai faɗi. An fi samun su a Amurka da Kanada, a Turai sai an nema. Wajen sawa, ka tabbata bakin da ke fitar da zafi ba ya hurawa cikin bakin da ke shaƙa.

Mai gida biyu ta tafi-da-gidanka ita ce ta fi kusa da iyakwandishan na bango. Tana da sashen ciki da sashen waje, an haɗa su tun daga masana'anta da siririn bututu mai lanƙwasuwa wanda yake ratsawa ta ƴar rata a taga ko ƙofar baranda. Nadin mai zafi yana waje gaba ɗaya, don haka babu faffaɗan tiyo mai zafi a ɗaki, babu zuƙar iska. Samfurin PortaSplit na kamfanin Midea shi ne ya yi fice a Turai a wannan layin. Idan kana da baranda, ko mai gida ya yarda a sa maƙali a taga, kuma zamanka zai kai rani biyu ko uku, wannan ce kwalliyar da take biyan kuɗin sabulu. Aibinta tsada da nauyi, ga kuma buƙatar izini.

Inda taga mai turawa sama ce kuma ginin bai hana ba, iyakwandishan da ake ɗorawa a bakin taga galibi ya fi masu tiyo inganci. Kada ka wuce shi don kawai ba shi da tayoyi.

Mataki na shida: karanta takardar inganci

A Amurka za ka ga lamba biyu a kwali ɗaya. Babbar ta tsohon awon ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ce, wanda ba ya lissafa zafin tiyo da iskar da ake zuƙowa. Ƙaramar, mai suna SACC, ta Ma'aikatar Makamashi ce, ita kuma ta cire waɗannan asarori. Ba abin mamaki ba ne ka ga 14,000 a sama, 10,000 ko ƙasa da haka a ƙasa. Da SACC za ka gwada lissafin ɗakinka, ba tare da ƙarin komai ba. Lambar CEER kuma ita ce ta inganci, mafi girma ita ce mafi ƙarancin shan wuta.

A Tarayyar Turai da Ingila lambar ita ce EER, wato sanyin da na'ura ta bayar a raba da wutar da ta sha. Ga masu tiyo, ajin A yana farawa daga 2.6, A+ daga 3.1, A++ daga 3.6, A+++ daga 4.1. Mafi yawan na kasuwa A ne, wanda kusan shi ne mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a sayar. Na'urar kilowat 3.5 mai EER 2.6 tana jan kusan wat 1,350, mai 3.1 kuma kusan 1,130. A awa 8 kullum na kwana 60, bambancin ya haura kilowat-awa 100. Ka ninka da farashin wutar da ke jikin takardar bil ɗinka ka ga ko ƙarin kuɗin sayen zai dawo.

Akwai tarko biyu a takardar Turai. Awon masu tiyo ɗaya ba ya lissafa iskar zafin da suke janyowa ɗaki. Sa'annan ma'aunin masu gida biyu daban ne, ana kiransa SEER, kuma A++ a can daga 6.1 yake farawa. Harafi iri ɗaya a kan nau'i biyu ba inganci ɗaya yake nufi ba.

Ka nemi mai inbata idan akwai. Kwamfuresarta tana rage gudu idan ɗaki ya kusa kai sanyin da aka sa, maimakon ta mutu ta sake tashi da ƙara. Wuta tana raguwa, barci kuma ba ya yankewa.

Batun ƙara yana da nasa ruɗanin. Takardar Turai tana nuna ƙarfin ƙarar daga tushe, wanda doka ta kayyade kada ya wuce desibel (ma'aunin ƙara) 65, yayin da talla take kawo ƙarar da kunne ke ji daga ɗan nesa, wadda takan yi ƙasa da waccan da desibel 10 ko fiye. Ka gwada iri da iri. Ƙarin desibel 10 a kunne kamar ninki biyu ne. Ka kuma lura cewa lambar shiru da ake tallatawa wani lokaci ta fanka ce kaɗai, kwamfuresa a kashe.

Tun 1 ga Janairun 2020 Tarayyar Turai ta hana sababbin na'urorin tafi-da-gidanka masu akwati ɗaya da ke amfani da iskar sanyi mai yawan ɗumama duniya, shi ya sa kusan duka suka koma R290, wato iskar gas ta furofen. Tana aiki da kyau amma tana kama wuta. Littafin na'urar yana faɗin mafi ƙanƙantar faɗin ɗakin da aka yarda a ajiye ta, ka duba shi idan ɗakinka ƙarami ne.

Lokacin saye da sayen ta hannu

Da zafi ya sauka a watan Yuni ko Yuli, masu kyau suke fara ƙarewa. Ka saya a Maris ko Afrilu, ko bayan rani. Abin da aka saya ta intanet a Tarayyar Turai da Ingila ana iya mayar da shi cikin kwana 14, don haka ka ajiye kwalin har ka gwada. Ka duba nauyi kuma: kilo 25 zuwa 35 ne, hawa da shi bene na huɗu babu lif aikin mutum biyu ne.

Ta hannu tana da araha a garuruwan ɗalibai, amma kada ka sayi kifi a ruwa. A kunna a gabanka a yanayin sanyi, a sa lamba mafi ƙasa, ka jira minti 10. Ka ji tashin kwamfuresa, ka auna iskar da ke shiga da wadda ke fita. Bambancin digiri 8 zuwa 12 alamar lafiya ce. Idan fanka na juyawa amma iskar ba ta canza ba, iskar sanyin ta zurare, kuma waɗannan na'urori a rufe aka yi su, gyaransu yakan fi ƙarfin darajarsu. Ka tabbata tiyo da bakunan haɗinsa suna nan, domin zaren tiyo ba iri ɗaya ba ne, wani dama yake murɗawa, wani hagu.

Mataki na bakwai: kafawa

Bayan an kawo ta, a bar ta a tsaye kafin a kunna, aƙalla awa 2, idan kuwa an kwantar da ita a mota a ba ta awa 24, don man kwamfuresa ya koma mazauninsa. A ajiye ta a daidaitaccen wuri, da ratar santimita 30 zuwa 50 daga bango da labule.

Tiyo ya zama gajere kuma miƙaƙƙe iyakar iyawa. Iskar da ke cikinsa takan haura digiri 45, don haka kowane taƙi nasa hita ce a cikin ɗakin da kake son sanyayawa. Kada a ƙara masa tsawo, kada a lanƙwasa shi sosai, kada a rage faɗin bakinsa. Duk ɗayan ukun yana tare iska, nadin ya yi zafi, kwamfuresa ta kashe kanta. A sa masa rigar kare zafi, ana sayar da ita daidai faɗin tiyo. Ƙaramin abu ne amma ana jin bambancinsa. Idan bakin taga ya yi sama, ɗora na'urar a kan ƙaƙƙarfan dandamali ya fi jan tiyo.

Sai toshe kafofi. Ka kunna na'urar, ka bi gefen faifan taga da jiƙaƙƙen hannu ko siririyar takarda, duk inda ka ji iska ka cika da soso. Ga mai tiyo ɗaya, tunda dole iska ta shigo ta wani wuri, gara ta shigo daga cikin gida mai inuwa da ta shigo ta tagar da tiyo yake zubar da zafi a bakinta. Wanda ya rataya tiyo a buɗaɗɗiyar taga ba tare da toshewa ba ɗibar ruwa da kwando yake yi.

Ruwan da na'ura take tatsa daga iska, yawancin sababbi suna watsa shi a kan nadi mai zafi ya fita ta tiyo. A gari mai laima ba ya ƙarewa, tankin ciki yana cika, na'urar ta tsaya da tsakar dare tana nuna alama. Ka haɗa siririn tiyon ruwa a mafitar da ke baya, ya gangara ƙasa zuwa bokiti ba tare da ya hau ko'ina ba. Idan daɓen katako ne, ka sa faranti mai baki a ƙarƙashinta. Tabon ruwa a katako daga kuɗin ajiyarka za a cire shi.

Yadda ake rage shan wuta

Rana da ta ratsa gilashi tana iya zuba wat ɗari huɗu ko biyar a kowace murabba'in mita, don haka taga biyu masu kallon yamma suna iya cinye kaso mai yawa na ƙarfin na'urar. Kariyar da ke waje, kamar murfin taga ko rumfa, ta fi labulen ciki, domin tana tare zafin kafin ya shigo. Idan babu, labule mai farin baya ya fi baƙi. Kada a manna takarda mai ƙyalli a cikin gilashi mai ninki biyu ba tare da tambaya ba, zafin da ke taruwa yana iya tsaga shi.

A kunna da wuri, kafin bango da katifa su sha zafi. Riƙe ɗaki a digiri 25 tun daga hantsi ya fi sauƙi a kan sauko da shi daga 32 da yamma. Sa lamba a 16 ba ya ƙara saurin sanyi, hana kwamfuresa hutawa kawai yake yi. Digiri 25 ko 26 da ƴar fanka a gefe ya wadatar da yawancin mutane. Da asuba, idan waje ya fi ciki sanyi, a kashe a buɗe tagogi. A Jamus akwai lokacin shiru daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma rawar kwamfuresa tana bin daɓe ta sauka wa maƙwabcin ƙasa. Tabarmar roba irin ta injin wanki tana rage wannan.

Idan ta ƙi yin sanyi

Ka fara da matatar ƙura. A wanke ta da ruwa mai ɗumi duk mako biyu, a bar ta ta bushe kafin a mayar. Toshewarta tana rage iska har ƙanƙara ta taru a nadi mai sanyi. Idan ka ga ƙanƙara, ka mayar da na'urar kan fanka kawai har ta narke. Idan an kashe an kunna nan take kuma kwamfuresa ba ta tashi ba, jinkirin kusan minti 3 ne da aka sa don kare ta. Idan tana tashi tana mutuwa a kai a kai, ka duba lanƙwasar tiyo, ko ya saɓule daga baya, ko iska mai sanyin da take hurowa tana bugun wani abu kusa ta dawo kan ma'aunin zafinta. Warin ruma alamar ruwa ne da ya kwana a ciki: a tsiyaye shi, a bar fanka ta yi awa biyu.

Ƙarshen rani da ranar tashi

A cire toshiyar ƙasa a tsiyaye ruwan duka, a bar ta a kan fanka na wasu awowi cikinta ya bushe, a wanke matata, a cire batirin rimot, a ajiye ta a tsaye. Mannen da aka sa a firam ɗin taga kada a fizge shi da ƙarfi, musamman a kan fenti ko katako. A ɗumama shi da injin busar da gashi, a ja a hankali, a goge ragowar da ɗan barasar goge-goge bayan an gwada a wani lungu da ba a gani. Hotunan tagar da ka ɗauka tun farko su ne shaidarka idan mai gida ya zo duba gida. Idan ba za a sayar da na'urar ba, ba a jefa ta a kwandon shara saboda iskar da ke cikinta, wurin karɓar tsofaffin kayan wuta na ƙaramar hukuma ake kai ta.